Gwajin Manhajar da Aka Sa Wa Alamar “Zai Faɗi” Bashi Ne, a Rubuta Shi Yadda Za a Biya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu aron fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin matasanmu masu koyon rubuta manhaja, da kuma ma'aikatu da 'yan kasuwar da ke biyan kuɗi a rubuta musu, kan wata 'yar alama ta “zai faɗi” da ake sa wa gwajin manhaja, wadda ba ta wuce layi ɗaya ba amma ana yawan yin kitso da ƙwarƙwata da ita. Tun da gwamnatin tarayya ta fara shirin 3MTT na horar da matasa sana'o'in fasahar zamani a 2023 masu koyon wannan sana'a suke ƙaruwa a garuruwanmu, kuma abin da kowane ɗalibi ke fara haddacewa shi ne a allon sakamakon gwaji kore alheri, ja kuma matsala. Wannan hadda da saura. Akwai koren da ake samu ta hanyar toshe wa gwaji baki.

Ga mai karatun da ba sana'arsa ba ke nan, gwaji ɗan guntun kod ne da ake rubutawa domin ya kira wani sashe na manhaja, ya miƙa masa abu, ya duba ko abin da ya dawo shi ne abin da ake so. In ya dace, gwajin ya ci. In bai dace ba, ya faɗi. Manhaja matsakaiciya tana iya tara ɗaruruwan gwaje-gwaje, kuma akwai na'urar da ke gudanar da su gaba ɗaya duk lokacin da wani ya turo sabon kod, irin su GitHub Actions ko Jenkins. Ita wannan na'ura ba ta karanta bayani. Lamba ɗaya take kallo, wadda shirin gwajin ke bari in ya gama: sifili na nufin lafiya lau, a wuce, duk wata lamba kuma na nufin a tsaya. A pytest, shirin gudanar da gwaje-gwaje wanda masu rubutu da harshen Python suka fi riƙo da shi, 1 na nufin wani gwaji ya faɗi, 5 kuma na nufin ba a ma sami gwajin da za a gudanar ba.

To sai a gano kuskure a manhajar, a rubuta gwajin da ke nuna shi, amma gyaran ba zai samu yau ba. In aka bar gwajin yana faɗuwa, allon zai zauna ja mako da makonni, ido ya saba, ranar da wani sabon abu ya lalace ba wanda zai lura domin jan jiya da na yau kamarsu ɗaya. In aka goge gwajin, an goge shaidar. Saboda haka ne aka samar da hanya ta uku: a bar gwajin yana gudana, amma a sa masa alama cewa mun san zai faɗi, ga kuma dalili. A pytest sunan alamar xfail. Ba mu ga laifinta ba, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da muke ƙorafi a kai shi ne yadda ake rubuta bashin ba sunan mai shi, ba adadi, ba ranar biya.

Bari mu ɗauki misalin da ya shafe mu kai tsaye. Mai rubuta manhajar rajistar ɗalibai ko ta masu asusu yana son in aka buga “kankara” a wurin bincike a samo “Ƙanƙara”, tun da ba kowace waya ce ke da haruffa masu lanƙwasa ba. Dabarar da ta yaɗu a intanet ita ce a bi da kalmar ta tsarin NFKD na Unicode (kundin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta), wanda ke raba harafi da alamar da ke kansa, sannan a zubar da duk abin da ba ya cikin ASCII, wato haruffan Turanci zalla da lambobi da alamomin rubutu. Ga Faransanci dabarar tana aiki: é ta rabu gida biyu, a jefar da alamar, e ta saura. Amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, da manyansu, ba su da rabuwa a Unicode. Kowannensu harafi ne guda mai zaman kansa: ƙ tana a U+0199, ɗ a U+0257, ɓ a U+0253. Tun da ba za su rabu ba, sai a zubar da su ɗungurungum. Ƙanƙara ta koma “anara”, Ɗanja ta koma “anja”, Maraɗi ta koma “marai”. Manhajar ba za ta yi kuka ba, kawai dai mutanen waɗannan garuruwa za su ɓace a bincike.

Ga yadda ya kamata a rubuta gwajin wannan matsala in gyaran zai jira:

@pytest.mark.xfail(strict=True, raises=AssertionError, reason="ana zubar da haruffa masu lanƙwasa, duba rahoto na 41")
def test_kankara():
    assert saukaka("Ƙanƙara") == "kankara"

Abu uku ne a cikin alamar, kuma kowanne akwai ɓarnar da yake tarewa. Yawancin abin da muke gani kuwa alamar ce tsirara, ba ko ɗaya daga cikin ukun.

Mu fara da strict, domin a nan gizo ke saƙar. Gwajin da ke ɗauke da xfail sakamako biyu yake iya bayarwa. In ya faɗi kamar yadda aka zata, pytest ya rubuta ƙaramin x, ya ƙirga shi cikin xfailed. In kuma ya ci ba zato, ya rubuta babban X, ya ƙirga shi cikin xpassed. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a yadda pytest ke zuwa daga gida, duka biyun sifili suke bari. Ya faɗi, kore. Ya ci, kore. Gwajin da ba shi da wata hanyar da zai sa allo ya yi ja, mai gadi ne da aka ƙwace wa usur. Ga yadda ɓarnar ke tafiya: wata rana wani ya gyara sashen binciken don wata buƙata daban, Ƙanƙara ta fara fitowa, gwajin ya koma babban X, ba wanda ya cire alamar domin ba abin da ya tsayar da kowa. Bayan wata shida wani ya sake taɓa wurin ya mayar da kuskuren. Gwajin ya koma ƙaramin x, shiru kake ji. Gwajin yana nan, yana gudana kullum, ya ga gyara ya ga lalacewa, bai faɗa wa kowa ba.

In aka sa strict=True, cin ba zato ya zama faɗuwa. Allo ya yi ja ranar da gyaran ya shigo, dole mai gyaran ya cire alamar, daga nan gwajin ya koma cikakken mai gadi. Tun fitowa ta 2.9 pytest ke da wannan zaɓi. Kuma ba sai an bi alama ɗaya-ɗaya ba: layi guda, xfail_strict = true, a fayil ɗin pytest.ini ko pyproject.toml, ya mayar da shi ƙa'idar aikin gaba ɗaya. A ganinmu wannan layi ya kamata ya shiga ranar da aka buɗe sabon aiki, kafin a rubuta gwaji na farko. A tsohon aiki kuwa, ranar da aka sa shi duk manyan X ɗin da suka taru za su fito ja lokaci guda. Kada a tsorata, aikin minti kaɗan ne, kowanne cire alama kawai yake buƙata, sai dai wanda ke ci yau ya faɗi gobe, wanda za mu zo kansa.

Na biyu, raises. Alamar da ba a faɗa mata irin faɗuwar da ake jira ba, kowace iri ta zo karɓa take yi. A ce an sauya wa sashen suna daga saukaka zuwa wani abu, aka manta da wannan gwaji. Yanzu yana faɗuwa ne da NameError ko AttributeError, bai ma kai ga duba Ƙanƙara ba, amma rahoto zai nuna ƙaramin x kamar kullum. Gwajin ya ruɓe a ciki, ko an gyara kuskuren na ainihi ba zai taɓa ci ba, don haka strict ma ba zai yi amfani ba. Da raises=AssertionError, wato faɗuwar da ke zuwa in abin da ya dawo bai dace da abin da ake so ba, duk faɗuwar da ba ta wannan nau'in ba za a ƙirga ta faɗuwa ta gaske.

Akwai wani lungu a nan da ko ƙwararru kan yi tuntuɓe da shi. A pytest alamar ba jikin gwajin kaɗai take rufewa ba, har da matakin shiri, wato inda ake buɗe rumbun bayanai ko a ƙirƙiri fayil na wucin gadi kafin gwajin ya fara. In shirin ne ya lalace, misali rumbun ya ƙi buɗuwa, gwajin mai alama tsirara zai fito da ƙaramin x alhali ko layinsa na farko bai gudana ba. Shi kuwa unittest, wani shirin gwajin da ke zuwa tare da Python, alamarsa ta expectedFailure ba ta yafe kuskuren da ya faru a setUp, wato matakin shirinsa, kuma tun Python 3.4 cin ba zato yana hana a ce zagayen ya yi nasara. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan ya san cewa halinsu ba ɗaya ba ne. Abin da xfail ba ta iya rufewa ko kaɗan shi ne kuskuren da ya faru a saman fayil, wajen shigo da wani kunshin kod da babu shi. Wannan tun wajen tattara gwaje-gwajen yake tsayar da komai, kafin a kai ga karanta alama.

Na uku, reason. Ba “ba ya aiki” ake rubutawa ba, kowa ya ga ba ya aiki. A faɗi abin da ke faruwa, a sa lambar rahoton matsalar a inda ƙungiyar ke ajiye rahotanninta, domin wanda ya zo bayan shekara biyu ya bi sawu ya ga wa ya karɓi gyaran, me aka gwada, me ya hana. In matsalar daga kod ɗin wasu take, a sa lambar rahotonsu. Sai dai a sani pytest ba ya nuna waɗannan dalilai sai an roƙa. Sai an ƙara -rx yake jero ƙananan x da dalilansu, -rX kuma ya jero manya. Ya kamata -rxX ta zauna cikin umarnin da na'urar ke gudanarwa kullum, domin bashin da ba a gani ba a tunawa da shi. Daga fitowa ta 8.3 akwai kuma --xfail-tb ga mai son ganin ainihin layin da kowanne ya faɗi.

Bayan waɗannan uku sai faɗin alamar. Gwaji yana tsayawa ne a assert na farko da ya gaza, wato layin da ke duba ko sakamako ya dace. In gwaji ɗaya yana duba abu biyar, na biyu ne ke da matsala, aka sa wa dukansa xfail, to na uku da na huɗu da na biyar sun daina gudana, na farko kuma ko ya lalace ba za a sani ba, domin shi ma AssertionError zai tayar. Don gudun abu ɗaya an yi asarar gadin abu huɗu. Maganin shi ne a ciro mai matsalar a ba shi gwajinsa shi kaɗai, da assert ɗaya tak, a bar sauran huɗun ba alama.

Haka abin yake ga gwajin da ake ba jerin misalai da parametrize. A ce jerin ya ƙunshi Kano, Zariya, Damagaram, Ƙanƙara da Maraɗi. Uku na farko suna ci, biyun ƙarshe suna faɗuwa. In aka ɗora alamar a kan gwajin gaba ɗaya, Kano da Zariya da Damagaram sun fita daga gadi ba laifin tsaye ba na zaune. Ana sa alamar ne a kan misalin da abin ya shafa kaɗai, ta hanyar naɗe shi da pytest.param a ba shi marks. A nan ma strict na taimakawa, domin da shi a kunne ba za a ma iya yin wannan kasala ba: ukun da ke ci za su fito ja nan take.

Tun da mun taɓo misalin, gyaransa ba wuya. Kafin a kai ga NFKD a yi teburin musanya na haruffa takwas, ƙanana huɗu da manya huɗu, ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, da str.maketrans. A tuna cewa a Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya kuma 'y, ita kuma wannan 'yar waƙafin sama tana zuwa a siffa aƙalla uku dangane da wayar da aka buga ta. Kuma wannan sauƙaƙawa don bincike ce kawai. Kada a ajiye sunan mutum a rumbu a haka, domin ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne, haka ɓata da bata.

Wata hanyar da ke yaudarar masu koyo ita ce kiran pytest.xfail a tsakiyar gwaji maimakon ɗora alama a samansa. Suna ɗaya, aiki daban. Wannan kira yana datse gwajin ne nan take, duk layin da ke ƙasansa ba ya gudana. Ke nan ba zai taɓa nuna babban X ba ko an gyara matsalar, strict kuma ba ya da ta cewa. A aikace tsallakewa ce da ta ari rigar xfail. Tana da wurinta, in sai gwajin ya fara gudana ake iya gane yanayin da ke kawo matsalar, amma in ana iya sanin yanayin tun kafin farawa, alama ta sama ta fi.

Akwai kuma ruɗanin da ya fi wannan yawa, tsakanin gwajin da ake jiran ya faɗi da manhajar da ake jiran ta ƙi. A ce sashen tura kuɗi ya kamata ya ƙi karɓar adadin da ke ƙasa da sifili, ya tayar da ValueError. Wannan ƙin shi ne daidai, ba kuskure ba ne. Gwajinsa ana rubuta shi da pytest.raises, kuma in manhajar ta ƙi, gwajin ci ya yi. Wanda ya sa wa irin wannan xfail ya rubuta halin kirki a littafin bashi. A Rust ma haka take: should_panic na tabbatar da halin da ake so ne, ba alamar sanannen kuskure ba ce. Ma'aunin mai sauƙi ne. In kana fatan wata rana a cire alamar, xfail ce. In haka kake son abin ya zauna har abada, ba ita ba ce.

Tsakaninta da skip kuma, skip na gwajin da ba shi da ma'ana a wannan wuri ne, kamar gwajin da ke buƙatar firinta a na'urar da ba ta da firinta. Ba ya gudana ko kaɗan, don haka ba ya iya ba da labarin gyara. Sai wani yanayi na tsakiya: kuskuren da ke kashe Python ɗin kansa ko ya sa shi ya maƙale ba ya gaba ba ya baya. Alama ba ta iya kama faɗuwar da ta tafi da mai kamawar. A nan ake sa run=False, a rubuta shi cikin xfailed ba tare da an gudanar ba. Shi ma ba zai sanar da gyara ba, sai mutum ya riƙa gwada shi da hannu lokaci-lokaci.

Alama mai sharaɗi ita ce ta fi dacewa in matsalar ta wani wuri ce kawai. Haruffanmu sun sake ba da misali. A Windows, in aka buɗe fayil don rubutu a Python ba a faɗi tsarin haruffa ba, yana ɗaukar na kwamfutar, wanda a yawancin kwamfutocin da ke hannunmu cp1252 ne, kuma babu ƙ a cikinsa. Rubuta “Ƙanƙara” sai ya tayar da UnicodeEncodeError, alhali a Linux lafiya lau. In kod ɗin naka ne, gyaran kalma biyu ne, a ƙara encoding="utf-8", ba a buƙatar wata alama. In kuwa a cikin kunshin wasu abin yake, sai a sa sharaɗin sys.platform == "win32" a farkon alamar, da raises=UnicodeEncodeError. A Linux gwajin na nan da cikakken ƙarfinsa, a Windows kaɗai ake yafe masa, kuma wannan faɗuwar kaɗai. An riga an amince cewa daga Python 3.15 UTF-8 zai zama tsarin gida ko'ina, don haka irin wannan gwaji zai wayi gari yana ci ba wanda ya taɓa kod ɗin. Mai strict zai ji labari ranar. Marar shi zai ci gaba da ɗauke da alamar matsalar da ta riga ta mutu.

Saura gwaji marar tabbas, mai ci yau ya faɗi gobe ba an sauya komai ba. Sanadinsa ba ya wuce 'yan abubuwa: ya dogara da agogo ko yankin lokaci, ya dogara da abin da wani gwaji ya bari a rumbu, yana kiran intanet, ko ayyuka biyu na tsere kan abu ɗaya. Ana yawan sa masa xfail da strict=False don a huta, tun da ta haka ko ya ci ko ya faɗi kore ne. A matsayin killacewa ta kwana biyu kafin a gano sanadin, mun yarda. A matsayin mazauni, gara a goge shi, domin yana cin lokacin na'ura yana kuma ba da kamannin gadi. Hanyar gano sanadin sananniya ce: a gudanar da shi shi kaɗai sau da yawa, sannan a hargitsa jerin gwaje-gwajen da pytest-randomly. In shi kaɗai yana ci amma cikin jama'a yana faɗuwa, wani ne ke bar masa datti. Wasu kan sa wa alamar sharaɗin kwanan wata don ta mutu da kanta bayan wata ɗaya. Dabara ce mai tilasta tunawa, amma tana da tsada: allo na iya yin ja ranar da ake gaggawar fitar da gyaran da ba ruwansa da wannan, kuma tsohuwar fitowar da ta ci jiya ba za ta sake ci ba in aka dawo gwada ta.

Ba Python kaɗai ke da wannan ba, kuma abin lura shi ne yawancin sauran sun zaɓi tsanani tun daga gida. A lit, shirin gwaji na aikin LLVM, XPASS, wato cin ba zato, faɗuwa ce. A RSpec na Ruby, tun fitowa ta 3, gwajin da aka sa wa pending yana gudana kuma in ya ci sai ya fito ja. Haka test.failing na Jest, da test.fail na Playwright, da XCTExpectFailure na Apple. Masu GDB, manhajar farautar kurakuran kod, da ke gwaji da DejaGnu, sun ma raba abin biyu: KFAIL ga kuskuren da ke cikin GDB kansa wanda aka yi wa rahoto, XFAIL ga wanda ya fito daga wajensa, kamar na'ura ko mai fassara kod. Wannan rabo yana da amfani ko a inda kayan aikin bai tanade shi ba, ana iya yin sa a cikin dalili: namu ne ko na wasu. Misalin na wasu shi ne rumbun bayanai na SQLite, wanda umarninsa na bincike LIKE ba ya daidaita babban harafi da ƙarami sai a ASCII, don haka Ƙ da ƙ baƙin juna ne a wurinsa. Harshen Go kuwa ba shi da xfail sam, Skip kawai ya tanada.

Inda alamar ta fi kyau a ganinmu shi ne wajen karɓar rahoton kuskure. A fara rubuta gwajin ba alama, a gudanar, a ga ya faɗi da ido, a karanta saƙon a tabbatar dalilin faɗuwar shi ne wanda aka kawo ƙara a kai, ba kuskuren rubutun gwajin ba. Sannan a ɗora alamar da abubuwanta uku, a tura wannan shi kaɗai. Gyaran ya biyo a turi na biyu, tare da cire alamar. Mai duba aikin zai ga hujja a jere: kafin gyara ya faɗi, bayan gyara ya ci. Kuma tarihin aikin ya zauna kore a kowane mataki, abin da ke da muhimmanci ranar da aka koma neman inda wata matsala ta shigo ta hanyar git bisect, umarnin da ke bin tarihin aikin don gano matakin da ya kawo ta, domin matakin da ke ja saboda wani dalili daban yana ɓatar da binciken.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ga masu biyan kuɗin aiki. In ɗan kwangila ya kawo hoton allo kore ya ce duk gwaji ya ci, akwai abin tambaya. Layin ƙarshe na rahoton pytest yana kawo adadi daban-daban, a ce 212 passed, 9 xfailed, 3 xpassed, 14 skipped. Taran nan kurakurai ne da mai aikin ya sani kuma bai gyara ba, ukun alamomi ne da aka manta, sha huɗun ba a ma gudanar da su ba. Shafukan da ke nuna sakamako da zane sukan ɓoye wannan, domin a rahoton JUnit XML da pytest ke fitarwa ana rubuta xfail ne a matsayin wanda aka tsallake. Adadin kashi nawa cikin ɗari na kod gwaji ya taɓa shi ma ba hujja ba ne, tun da layukan da gwaji ya bi kafin ya faɗi ana ƙirga su. A nemi a gudanar da pytest -rxX a gaban mai karɓar aiki, a karanta dalilan ɗaya bayan ɗaya, a ware wanda za a iya zama da shi da wanda ya taɓa kuɗi ko sunayen mutane. Sannan a sake gudanarwa da --runxfail, wanda ke yin watsi da alamomin gaba ɗaya, har da kiran da ke tsakiyar gwaji, ya nuna kowace faɗuwa da cikakken bayaninta. Jerin da ya fito a haɗa shi da takardar miƙa aiki, kowanne da lambar rahotonsa da ranar da aka yi alkawarin gyara shi, kafin a saki kason ƙarshe na kuɗin.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Naka,
Wasu masu rubuta manhaja da koyar da ita,
Kano.